Gwajin Magariba

Mijina Hilmi, da ake kira Usta, wato gwanin sana'a, Allah ya ji ƙansa, mai yin labulen naɗi ne a unguwarmu ta Bahari, nan Iskandariya. Ba irin labulen da ake ja gefe da gefe ba, wanda ake naɗewa a jikin sanda a saman taga, a ja sarƙa ya sauko, a sake ja ya koma. Shi ke awo, shi ke yanka, shi ke ɗaurawa. Ni kuma ina kan keke a ƙuryar shago, ina kalmasa bakin ƙasa inda ake zura ƙarfen da ke sa yadi ya miƙe. Haka muka yi tun ina goyon Sabri, ɗanmu tilo, har ya girma ya tafi Kuwait aiki.

Mutane suna zaton aikin a almakashi yake. Hilmi ya ce a zaɓen yadi yake. Auduga zalla ba ta jure iskar teku, kafin shekara ta zagayo ta yi fumfuna. Mai santsi da sheƙi yakan karkace a kan sanda, ya yi ta naɗuwa gefe ɗaya har bakinsa ya zare. Mai kauri da yawa in an naɗe sai ya zama kamar gammo a saman taga. Mai duhun launi kuwa, in aka sa shi a tagar yamma, rana ta cinye shi. In mace ta shigo ta ɗora hannu a kan wani yadi ta ce wannan take so, sai ya ce, "Hajja, ai ba ke za ki zauna a tagar ba, shi zai zauna. Ina take kallo, teku ko titi? Wa ke kwana a ɗakin?"

Amma abin da ya fitar da sunansa shi ne gwajin magariba. Titunanmu matsattsu ne, gida na kallon gida, mai shanya a baranda tana iya miƙa wa maƙwabciyarta gishiri. Da rana kowane yadi mai rufa asiri ne. Sai an kunna fitila a ɗaki waje ya yi duhu, sannan ake sanin na ƙwarai. Saboda haka Hilmi ba ya sa almakashi a yadin ɗakin kwana sai ya gwada shi a tagar da za a sa shi. Mukan je gidan tare gab da magariba, ya warware bandir ya maƙale a taga, ni in kunna fitila in tsaya a bayan yadin, shi ya sauka titi. Ba ya cewa in matso sai an tada salla, maza sun shige masallaci, gidan shayi ya zama wayam, don ya ce matarsa ba abin kallon kowa ba ce, ko da inuwarta ce. Sai in ji muryarsa daga ƙasa: "Ɗaga hannu!" In ɗaga. "Juya!" In juya. In ya ga ko alamar mutum, an gama da wannan yadi, ko da matar gida za ta yi kuka. In bai ga komai ba sai ya tafa hannu, ya ruga masallaci ya tarar da raka'ar ƙarshe. Liman ya sha yi masa tsiya a kan haka.

Ni daga ciki ba na ganin komai. Duk wanda ke gefen fitila, yadi bango ne a wurinsa. Dole ido ya kasance a titi, kuma idon na Hilmi ne.

Ciwon suga ya daɗe a jikinsa, bai taɓa ɗaukarsa ciwo ba. Shayinsa kamar zuma yake sha. A shekarar da nake ba da labari na fara lura da wasu abubuwa. Da yamma yakan laluba bango kafin ya taka matakala. Ya zuba shayi a kan faranti, kofi na gefe yana kallonsa. In ya yi awo sai ya danne wurin da farce ya miƙo mini tef ɗin, ya ce, "Karanta mini, na bar tabarau a gida," alhali ga tabarau nan a aljihun gabansa. Da rana tsaka yana aikinsa kamar kowa. Da rana ta faɗi sai ya zama wani mutum, mai tafiya a hankali yana jan ƙafa.

Wata rana muna cin abinci na ce, "Abu Sabri, dundumi kake yi."

Ya ce, "Dundumi na kaji ne."

"Mu je asibitin ido."

"Asibitin da ƙanwar matar wanzami ke sharar bene? Kafin mu dawo gida Bahari kaf ta ji." Ya ajiye burodin da ke hannunsa. "Nabawiyya, in aka ce idon Usta Hilmi ya tafi, me ya rage mini in sayar? Almakashi kowa yana da shi. Gajiya ce kawai. Rufe maganar."

Ba ya kiran sunana sai magana ta kai masa wuya. Na rufe.

A lokacin ne Hajja Insaf ta zo shago da 'yarta Suhair. Hajja Insaf tsohuwar maƙwabciyarmu ce, a gabana aka yi wa Suhair wankan farko. Yarinya ce mai kunya, in ta yi dariya sai ta rufe baki da gefen ɗankwali. Za ta auri Midhat, wani saurayi mai aiki a tashar jiragen ruwa, sun kama gida a hawa na biyu, daidai gaban gidan shayin Ma'allim Ashur. A wurinmu labule kayan uwar amarya ne, kuma in ya yi kyau ita ake yaba, in ya ɓaci ita ake nunawa da baki.

Hajja Insaf ta ce, "Usta, taga uku ce, ɗaya ta ɗakin kwana. Na ce mata mu sa abin da kowa ke sawa, ta ƙi. Nuna masa, ke mai idon zamani."

Suhair ta miƙo wayarta. Hoton wani ɗaki ne mai farin labule, haske ya cika shi. Hilmi ya kai wayar kusa da hanci, ya janye, ya ce, "Uhm."

Ta ce, "Kawu, ba na son ɗaki mai duhu. A gidanmu tun ina ƙarama fitila muke kunnawa da rana. Wannan an ce yana shigo da haske da iska, kana ganin waje, na waje ba ya ganinka."

"Wa ya ce?"

"Masu sayarwa."

"Masu sayarwa sun ce kifin jiya na yau ne. Za mu je wurin Girgis mu gani. Amma kin san dokata, 'yata. In ya faɗi a magariba, ko kin yi birgima a ƙasa ba zan yanka shi ba."

Hajja Insaf ta ce, "Shi ya sa muka tsallake shaguna goma muka zo nan."

Girgis mai yadi ne a kasuwar Manshiyya, abokin Hilmi tun suna samari. Shi kaɗai ke yarda a ɗauki bandir sukutum daga shagonsa a je a gwada a dawo da shi. Da muka shiga ya ɗaga hannu sama.

"Ga mai wahalar da bayin Allah ya zo! Ummu Sabri, har yanzu ba ki gudu kin bar wannan tsohon ba?"

Hilmi ya ce, "In ta gudu wa zai ɗauke ta, kai? Da wannan tumbin? Sauko mana da sabon farin nan da 'yan mata ke gani a waya."

Girgis ya sauko da shi yana nishi. Fari ne mai ɗan ruwan madara, ramukan saƙarsa ƙanana kamar idon rariya, an shafe zarensa da wani abu mai kama da roba. Ya ce, "Daga waje yake zuwa. Masu ofis ke saye, da masu shagon magani. Ba ya fumfuna, ba ya koɗewa, da tsumma ake goge shi. Amma ɗakin kwana, wallahi ban taɓa jin wanda ya sa ba. Ban sani ba."

"Yaushe ka taɓa sani?"

Hilmi ya kama bakin yadin ya murza tsakanin yatsu. Ya lanƙwasa, ya saki, ya miƙe tsaf. Ya auna nauyinsa a tafin hannu. Na ga fuskarsa ta saki. Duk yadin da ya sani a rayuwarsa, in yana da nauyi da tauri haka, to ba ya barin komai ya wuce. Ya ce, "Wannan ai fatar raƙumi ce."

Ya ɗaga shi wajen ƙofar shago kamar yadda ya saba. Ina tsaye a bayansa, na hango masu wucewa ta ciki, har da wani mai tura kurar lemo. Na ce a hankali, "Abu Sabri, ina ganin titi ta cikinsa."

Girgis ya ce, "Ai shi ne abin da ake saye. Na ciki ya ga waje."

Hilmi ya ce, "Magariba za ta raba gardama." Ya saɓa bandir ɗin a kafaɗa.

Ranar gwaji gidan amarya babu komai sai warin sabon fenti da katifa a jingine cikin ledarta. Hilmi ya maƙale yadin a tagar ɗakin kwana. Ladan ya fara kira. Na ji ana jan kujeru a gidan shayin Ashur, ana ajiye kofuna. Hilmi ya nufi ƙofa, hannunsa a jikin bango.

Na ce, "Yau bari ni in sauka. Kai ka tsaya a nan."

Ya juyo. "In tsaya a taga kamar amarya, ke kuma ki tsaya gaban gidan shayi kina leƙen tagogin mutane? Me za a ce?"

"Ba kowa a titi."

"Kunna fitila, Ummu Sabri."

Na kunna. Na ji takunsa a matakala, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ɗauke da tulu. Aka tada salla. Na matsa jikin yadin, ya zame mini farin bango, ko fitilar gidan shayi ban gani ba. Hankalina ya ɗan kwanta, na ce ashe da gaske fatar raƙumi ce.

"Ɗaga hannu!"

Na ɗaga.

"Juya!"

Na juya. Ban ji tafi ba. Ya sake cewa, "Ɗaga duka biyu!" Bai taɓa cewa haka ba. Na ɗaga. Sannan na ji tafi.

A hanyar gida ya riƙe gefen mayafina, yana ta surutu. Ya ce zamani ya zo da abin mamaki, yadi mai ramuka amma ko inuwa ba ta wucewa. Ya ce zai gaya wa Girgis ya ajiye masa bandir biyu. Washegari ya yanka, na kalmasa, ya ɗaura. Aiki ya yi kyau, ba ƙarya. Da hantsi ɗakin nan kamar an zuba masa madara. Suhair ta yi ta jan sarƙa tana saki kamar ƙaramar yarinya, ta sumbaci hannun Hilmi.

Aka yi biki. Muka ci shinkafa da kifi, aka yi guɗa har muryoyi suka dushe.

Ba a daɗe ba Ma'allim Ashur ya lura samarin da ke cika cikin shagonsa suna kallon ƙwallo sun daina shiga ciki. Da an idar da sallar magariba sai su fito da kujeru bakin titi, duk su juya su gefe guda. Har da wasu baƙin fuskoki daga wata unguwa. Ya fito ya tsaya a bayansu ya ɗaga kai. Mutumin kirki ne Ashur. Ya kore su da sandar tsintsiya, ya kwashe kujeru, ya rufe shago tun lokaci bai yi ba, ya tura matarsa wurin Hajja Insaf. Amma kwanaki sun riga sun wuce. Yarinya a ɗakin mijinta, ta sauke labulenta, ta kunna fitilarta, ta cire ɗankwali tana taje gashi, tana canza kaya, ta yarda ba mai ganinta sai Allah. A daren da aka gaya mata ta koma gidan uwarta ta kulle kanta a ɗaki.

Da safe Midhat ya shigo shagonmu, Hajja Insaf na bayansa tana jan rigarsa. Bai yi sallama ba. Ya buga tebur har almakashi ya faɗo.

"Kai ne Usta? Kai ne mai gwaji? Ka mai da matata majigi! Ina wucewa ana sunkuyar da kai ana murmushi, ina zaton taya ni murna ake!"

Hilmi ya miƙe. "Yi magana a hankali, ɗana. Me ya faru?"

"Kada ka ce mini ɗanka! Tsummanka ne ya faru. In an kunna fitila komai a fili yake, har hoton da ke jikin bango ana gani."

Hajja Insaf ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga ya fi mini sauƙi. Ta dube ni ta ce, "Nabawiyya, ke kika riƙe ta ranar da aka huda mata kunne. Na tsallake shaguna goma."

Hilmi ya ce, "Ƙarya ne. Na gwada shi da idona. Na tsaya a titi, Ummu Sabri tana bayansa. Ban ga komai ba. 'Yan iskan gidan shayi ne ke ƙaga magana don sun ga amarya."

Midhat ya ce, "Ma'allim Ashur ma ɗan iska ne?"

"To yau da magariba. A gaban kowa. Ba zan jira a shiga masallaci ba, a fito a tsaya. In an ga wani abu, ka ƙone shagon nan da ni a ciki."

Da suka fita na rufe ƙofar shago. Na ce, "Hilmi, don Allah. Mu je wurin Girgis mu ɗauko mai kauri, mu sauya, mu ba su haƙuri. Ka ce yadin baƙo ne ya yaudare ka. Girgis shaida ne."

"In ce ban gwada ba? Kowa ya san na gwada."

"Ka ce magaribar ba ta yi duhu sosai ba."

"In yi ƙarya a kan aikina?" Ya laluba kujera ya zauna. "Ban ga komai ba, Nabawiyya. Na rantse da wanda raina ke hannunsa, ban ga komai ba."

Na ce, "Na sani."

Ya juya fuskarsa wajen bango. Ban san ko ya gane abin da nake nufi ba. Ina jin ya gane, amma ya riga ya ba da magana a gaban mutane. Ko kuma yana da sauran fata cewa shi ke da gaskiya. Yini guda bai ci komai ba, yana ta goge tabarau da gefen riga.

Bayan sallar magariba na hau benen ni kaɗai, na naɗe jikina da baƙin mayafi tun daga kai har ƙafa. Midhat ya buɗe mini ya sauka. Kayan Suhair suna nan yadda ta bar su, mataji a kan gado da gashi a jikinsa. Na ja sarƙa, labule ya sauko sumul, bai karkace ko kaɗan ba. Na kunna fitila. Gilashin tagar a buɗe yake, ina jin hayaniyar maza a ƙasa, da yawa, duk wanda ya fito masallaci ya tsaya. Tsawon zamanmu mutumin nan bai bari wani namiji ya ga inuwata ba. Ranar nan shi ya tara su.

Na matsa jikin yadin. Hayaniya ta mutu nan take. Daga wannan shirun na san komai.

"Ɗaga hannu!"

Na ɗaga.

Sai na ji muryarsa, da ƙarfi, irin ta mai nasara. "To! Ina take? Ku nuna mini! Kai Midhat, ina matar da kake gani? Ga fitila a kunne, ga labule a sauke. Farin haske ne kawai. Ku yi magana mana, kun zama kurame?"

Wani ya fara dariya aka ce masa, "Kai, rufe mana baki." Hilmi ya ce, "Juya, Ummu Sabri! Juya su gani!" Ban iya juyawa ba.

Muryar Ma'allim Ashur ce ta biyo baya. Ƙasa ƙasa ya yi magana, amma titin ya yi tsit har na ji.

"Hilmi, ɗan'uwana. Ummu Sabri tana tsaye a tsakiyar taga. Hannunta na dama a sama yake. Akwai zobe a yatsanta." "Yanzu ta sauke shi. Tana share fuskarta."

Sannan na ji Hilmi ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba, "Wace taga?"

Na kashe fitila na sauko. Na tarar maza suna watsewa, kowa kansa a ƙasa. Midhat na jingine da bango, fushin ya fita daga fuskarsa, kamar shi ya yi laifin. Ashur yana riƙe da gwiwar hannun Hilmi. Shi kuma fuskarsa na sama har lokacin, ba ma daidai tagar yake kallo ba, ya ɗan kauce wajen barandar maƙwabta. Na karɓi hannunsa. Muka taho gida ta tsakiyar titi, ina gaba yana baya, kowa na gani.

Ni na je wurin Girgis washegari. Bai yi mini wasa ba. Ya sauko da mai kauri mai farin baya, ya ce, "Da na san haka da na ɓoye wancan a ƙarƙashin tebur." Ni na yanka, Ashur ya turo wanda ya ɗaura. Da magariba Hajja Insaf ta tsaya a bayan yadin, ni na tsaya gaban gidan shayi ina kallon sama. Ba a ganin komai. Ban tafa ba, na ce mata ta sauko. Duk da haka Suhair ba ta sake kwana a ɗakin nan ba. Ta ce ba za ta iya wucewa gaban waɗannan kujeru ba. Suka tashi suka koma can wajen gari, kusa da dangin Midhat. Na ji an ce har yau da katako take rufe tagoginta, da fitila take zama da rana.

Muka je asibiti daga baya, tunda ba sauran abin ɓoyewa. Likita ya haska idon ya daɗe, ya ce sugan ya ci jijiyoyin ciki, da an zo da wuri da an tare wani abu. Suka yi abin da za su yi. Bai hana komai ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wanda ya biyo baya. A makonnin nan, duk magariba, sai ka ga magidanta a Bahari sun fito titi suna ɗaga kai suna kallon tagogin gidajensu. Duk wanda Hilmi ya taɓa yi wa labule, tun na shekarun baya, sai da ya fito ya duba. Ba a sami ko ɗaya da ya nuna inuwa ba. Ko ɗaya. Amma ba wanda ya tako ya gaya masa. Ni na gaya masa, ya ce, "Ke matata ce, dole ki ce haka."

Na ce mu ci gaba da aiki, ni in zama ido, shi ya zama hannu. Na buɗe shago ina zama. Mata suna wucewa su gaishe ni, su tambayi jikin Usta, su wuce shagon da ke bakin babban titi. Sabri ya yi ta waya yana cewa mu rufe mu huta, zai riƙa aiko mana. Hilmi ya ce a gaya masa shi ba hutu ya roƙa ba. Daga baya ya daina sauka ƙasa gaba ɗaya. Yakan zauna a bakin gado da buhun ƙyallayen gwaji a gabansa, ya zaro ɗaya ya murza, ya faɗi sunansa da gidan da aka sa shi, ya mayar. Bai taɓa kuskure ba. Wata rana hannunsa ya faɗa kan guntun farin nan. Ya daɗe yana murza shi. Ya ce, "Har yanzu hannuna cewa yake mai kyau ne."

Da lokacin sanyi ya shigo, ruwa ya fara dukan tagogi, ya kwanta. Wata magariba, ana kiran salla, ya ce, "Nabawiyya, kunna fitila."

Na ce, "A kunne take."

"To tsaya a gabanta."

Na tsaya tsakaninsa da fitilar, ba yadi, ba komai, taku biyu daga gadon.

"Ɗaga hannu."

Na ɗaga. Ya buɗe idanun nan sosai yana kallon wajena. Ya daɗe. Sannan ya yi ɗan murmushi ya ce, "Wanda ya zaɓa mini wannan yadin ya san aikinsa. Ko inuwa ba ta wucewa." Ya ɗaga hannuwansa daga cikin bargo ya tafa, a hankali, sau ɗaya.

Bai kai ƙarshen sanyin ba. Ashur da Girgis suna cikin waɗanda suka raka shi, Midhat ma ya zo ya ɗauki makara. Hajja Insaf ta zo gaisuwa ta zauna kusa da ni, ta sha kofinta ta tafi.

Shago yana nan a rufe. Keken ya yi tsatsa, iskar teku ba ta barin ƙarfe. Sabri yana so a sayar, na ce ya yi yadda ya gani. Labulen ɗakinmu shi ne na farko da Hilmi ya yi da hannunsa bayan aurenmu, ruwan ƙasa, mai kauri, har yau bai zare ba. Sarƙarsa ta tsinke kwanakin baya yana naɗe a sama, ban nemi mai gyara ba. Maƙwabciyata ta leƙo ta baranda ta ce, "Ummu Sabri, in kin kunna fitila ana ganinki daga titi fa." Na ce mata na ji. Tsohuwa ce zaune a bakin gado da buhun ƙyallaye, ba wanda zai juya kujera saboda ita.